Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tsara Manhajar Tarihi: A Saka Talakan Ingila Cikin Babin Juyin Masana'antu

Zuwa ga masu tsara manhajar tarihi da marubuta littattafan makarantun sakandare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ƙara muku basira a kan aikin da ke hannunku.

Ranku ya daɗe, mu malaman tarihi ne, kuma babi ɗaya ne tak ya sa muka ɗauki alƙalami: babin juyin juya halin masana'antu a Birtaniya, daga wajen 1760 zuwa 1850. Yadda aka saba rubuta shi, jerin sunaye ne da shekaru. Richard Arkwright ya yi rajistar injin kaɗi a 1769, ya gina masaƙa a Cromford a 1771. Samuel Crompton ya fito da nasa injin a 1779, Edmund Cartwright ya yi injin saƙa a 1785, jirgin ƙasa ya haɗa Liverpool da Manchester a 1830. Duk gaskiya ne. Sai dai ɗalibi yakan haddace, ya ci jarrabawa, ya fita da tunanin cewa Bature ya ƙera inji, sai Ingila gaba ɗayanta ta wayi gari cikin wadata. Bai san wa ya tsaya gaban injin ba, nawa aka biya shi, ina ya kwana, wa kuma ya rubuta dokar da ta hana shi ƙorafi. Roƙonmu a sake gina babin a kan waɗannan tambayoyi, ga kuma kayan ginin.

A fara da kuɗi, domin komai a kansa ya rataya. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, irin lissafin da Najeriya ta yi amfani da shi har 1973, don haka ɗalibin da ke da kaka a gida yana da mai yi masa bitar sisi da taro. A shekarun 1830, leburan gona a kudancin Ingila yana karɓar sule 7 zuwa 9 a mako. Macen da ke kula da injin saƙa a Lancashire, yankin masaƙun auduga, tana samun wajen sule 8 zuwa 10, ƙaramin yaro a masaƙa sule 2 zuwa 4. Ƙwararren mai tuƙa injin kaɗi yana iya kaiwa sule 25 ko 30. Mai sule 9 a mako, ko da bai yi fashin rana ɗaya ba, fam 23 da sule 8 ke nan a shekara. Da Firayim Minista Robert Peel ya dawo da harajin kuɗin shiga a 1842, daga fam 150 a shekara aka fara karɓa, wato kusan duk mai cin abinci da ƙarfinsa yana can ƙasa da layin. Arkwright kuwa, wanda ya fara da aski, ya rasu a 1792 ya bar wajen fam 500,000. Sama da shi akwai manyan masu ƙasa da hayar gonakinsu kaɗai ke kawo musu dubun dubatan fam kowace shekara.

Sai a ɗora burodi a kan wannan albashi. Burodin da ake auna farashi da shi ya kusa kilo 2. A shekarar sauƙi yana tsakanin kwabo 7 da 10. A 1812, shekarar yaƙi da Faransa da ƙarancin amfanin gona, ya kai wajen kwabo 17 a Landan. A ba ɗalibi wannan lissafi ya yi da hannunsa: gida mai mutum shida, burodi 7 a mako, kowane kwabo 9. Kwabo 63 sun tafi daga cikin 108 na mai sule 9. Ba a biya haya ba, ba a sayi kwal ko kyandir ko sabulu ba, balle takalmi. Daga nan zai gane da kansa abin da ya sa abincin gidan ya tsaya a burodi da dankalin Turawa da kunun ots da shayi tsararo, ya sa ɗan naman da aka samu ranar Lahadi yake tafiya kwanon maigida, ya kuma sa ake tura yaro ɗan shekara bakwai neman sule biyu. Ko abin da aka saya ɗin ma ba lallai ne ya zama tsantsa ba: ana zuba alif a fulawa don burodi ya yi fari, ana sirka madara da ruwa, ana busar da ganyen shayin da aka riga aka dafa a sake sayarwa. Ranar Litinin uwargida ta kai kayan sawar Lahadi wajen mai karɓar jingina, ranar Asabar da aka biya albashi ta fanso su da riba a kai. Rayuwar hannu baka hannu ƙwarya ke nan, mako bayan mako.

Kada littafin ya raba mutanen gida biyu kawai, attajiri da talaka. A sama akwai masu ƙasa, su ne ke riƙe da majalisa da kujerun alƙalancin karkara. A tsakiya akwai masu masaƙu da 'yan kasuwa da lauyoyi da likitoci, har zuwa mai kanti da akawu, kuma alamar shiga wannan aji ita ce iya ɗaukar 'yar aiki ko da guda ce. Su kansu ma'aikata hawa-hawa ne: maƙerin inji ko mai buga littattafai ba ya ganin kansa ɗaya da lebura, lebura Ba'ingile kuma yana raina baƙon da ya ƙetaro daga Ailan. Ƙidayar 1851 ta nuna wani abu da littattafai kan tsallake: masu aikin auduga sun ɗan haura rabin miliyan, amma masu aikatau a gidajen mutane sun haura miliyan ɗaya, akasarinsu mata, masu aikin gona kuma sun fi kowa yawa. Yarinyar da ke tashi da asuba ta hura wuta a ɗakunan maigida, ta hau da ruwan zafi bene, ta sauko da tukunyar fitsari, a kan ladan da sau da yawa bai wuce fam goma a shekara ba, ta fi ma'aikacin masaƙa wakiltar talakan zamanin.

Daga ina mutanen suka kwararo birane? Wani ɓangare daga yawan haihuwa ne, domin jama'ar Birtaniya sun tashi daga wajen miliyan 10 da rabi a 1801 zuwa kusan miliyan 21 a 1851. Wani ɓangaren kuma daga killace filaye. A bayyana yadda ake yinsa: manyan masu gonaki a ƙauye su kai buƙata majalisa, a auna amincewa da yawan ƙasar da mutum ya mallaka ba da yawan kawuna ba, a naɗa wakilai su sake raba filin, kowa ya biya kuɗin awo da na shinge. Wanda rabonsa ƙarami ne kuɗin shingen ya fi ƙarfinsa, sai ya sayar. Wanda kuwa al'ada ce kawai ta ba shi damar kiwon saniya ɗaya a makiyayar gari, da yin itace a kurmi, ba shi da takarda, ya tashi a tutar babu. Dokoki irin wannan sun haura 5,000, sun shafi kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Ingila. Amfanin gona ya ƙaru, wannan ba a musu. Amma gidan da ya rasa saniyarsa ya koma dogaro da albashi kaɗai. Zomon dajin ma ba nasa ba ne: har 1831 sai mai ƙasar da ke kawo fam 100 a shekara ke da izinin farauta, wanda aka kama da makami yana farautar dare kuma ana iya jefa shi jirgi zuwa Ostareliya na shekara bakwai.

A masaƙa ya kamata babin ya daɗe. Masaƙun farko da ruwan kogi suke juyawa, don haka a kwaruruka aka gina su, nesa da gari, inda babu ma'aikata. Sai aka riƙa kwaso marayu da 'ya'yan gajiyayyu daga hannun hukumomin unguwanni na Landan da Liverpool, tun suna shekara bakwai ko tara, a rubuta su a matsayin masu koyon sana'a, wasu har su cika 21, ladansu ci da kwana. Masaƙar Quarry Bank da Samuel Greg ya kafa a 1784 tana da gida na musamman mai ɗaukar irin waɗannan yara wajen 90. Da injin tururi ya yawaita, masaƙu suka koma cikin birane, aka koma ɗaukar 'ya'yan unguwa.

Aiki na farawa ƙarfe biyar da rabi ko shida na safe, a tashi bakwai da rabi ko takwas na dare. Da yake agogo ya fi ƙarfin talaka, akwai mai sana'ar bi gida-gida da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa taga, ana biyansa 'yan kwabbai a mako. Injin kaɗi na Crompton keke ne mai ɗauke da mazarai ɗaruruwa, yana fitowa kamar ƙafa biyar yana miƙe zare yana murɗawa, sannan ya koma yana naɗewa, sau uku ko huɗu a minti. Duk zaren da ya tsinke, sai yaro mai ɗauri ya miƙa hannu ya haɗa bakin biyu kafin keken ya yi nisa, haka zai yi ta bin injin gaba da baya wuni guda. Ƙaramin cikinsu shi ne mai shara, yana rarrafe ƙarƙashin zaren yana tsince burbushin auduga alhali injin na tafiya, domin burbushin yana toshe inji yana kuma kama wuta. In ya yi jinkirin fita, keken ya dawo ya matse shi. Ana rufe tagogi a bar ɗakin da zafi da laima, kusan digiri 27 zuwa 29, saboda zaren auduga yana tsinkewa a busasshiyar iska mai sanyi. Ƙasa ta jiƙe da man inji, don haka ba takalmi ake aiki. Bel-bel da sandunan da ke kawo ƙarfi daga injin tururi a buɗe suke, suna kama gashi da hannun riga. Ƙurar auduga tana cin huhu a hankali, tsayuwar awa goma sha biyu kuma tana lanƙwasa gwiwar yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba. A lura da wani abu da ke nuna yadda ajin ya shiga har cikin ma'aikata: sau da yawa mai tuƙa injin ne yake ɗaukar yaran, daga aljihunsa yake biyansu, shi kuma a kan yawan zaren da ya kaɗa ake biyansa. Don haka hannun da ke dukan yaro mai gyangyaɗi yakan zama na ma'aikaci ɗan'uwansa, wani lokaci ma na ubansa.

Tara ita ce sandar maigida. Masu yajin aiki a Tyldesley, kusa da Manchester, sun buga jerin dokokin masaƙarsu a 1823: buɗe taga sule ɗaya, fito da baki sule ɗaya, makarar minti biyar sule ɗaya. Wasu iyayen gida kuma, musamman a ma'adinai, da takardar karɓar kaya suke biya maimakon kuɗi, takardar da kantinsu kaɗai ke karɓa, a farashin da suka ga dama. An haramta wannan a 1831, amma ya daɗe bai mutu ba.

Masaƙan hannu sun cancanci shafi nasu, domin labarinsu ya karya tunanin cewa inji yana zuwa ne ya kori mutum nan take. Da farko inji arziki ya kawo musu: zare ya yi arha ya yi yawa, injin saƙa kuma bai gama kyau ba, sai masaƙin da ke aiki a ɗakinsa ya riƙa samun fiye da sule 20 a mako wajen 1800. Sana'ar ba ta da wuyar koyo, sai kowa ya faɗa mata, har da sojojin da aka sallama bayan 1815 da baƙi daga Ailan, har yawansu ya kai wajen 240,000. Yawan hannu ya fara karya farashi, sannan injin saƙa ya ƙarasa: daga 2,400 a 1813 zuwa wajen 100,000 a 1833. A shekarun 1830 masaƙin na wuni da rabin dare a kan sule 5 ko 6. Shekara talatin aka yi ana wannan gangara, wato mutum ya shiga sana'ar yana saurayi mai agogon aljihu, ya tsufa cikinta yana bara.

Sai gida. Manchester ta tashi daga mutum wajen 70,000 a 1801 zuwa sama da 300,000 a 1851, babu mai tsara titi ko magudana. Magina suka riƙa jera gidaje baya da baya, bango ɗaya na raba gida biyu, ƙofa da taga ta fuska ɗaya kawai, iska ba ta ratsawa. Ana biyan haraji a kan bulo har 1850, a kan tagogi har 1851, a kan sabulu har 1853. Masai na tarayya ne a tsakar lungu, rami ne da ake kwashewa in mai gida ya ga damar biya. Likita James Kay ya rubuta a 1832 cewa a wani titi na Manchester mutum 380 ne ke amfani da masai ɗaya. A Liverpool mutane dubun dubata ne ke zaune a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, faɗinsu ƙafa 10 zuwa 12, tsayinsu wajen ƙafa 6, ruwan kwata yana tsattsafowa ta bango. Da yunwa ta faɗa wa Ailan, kusan mutum 300,000 suka sauka a tashar Liverpool a 1847 kaɗai. Ruwan sha daga famfon titi ake ɗiba, wanda ke zuwa na ɗan lokaci, ko daga rijiyar da ke maƙwabtaka da ramin masai. Kwalara ta shigo ta Sunderland a 1831, ta kashe sama da 30,000, ta dawo a 1848 ta kashe fiye da 50,000. Likitoci a lokacin wari suke zargi, sai a 1854 likita John Snow ya bi sawun cutar zuwa famfo ɗaya a titin Broad a Landan. Masu hali kuwa sun riga sun tashi zuwa bayan gari, galibi ta inda iska ke fitowa, don hayaƙi ya bi ta kan wasu. Manyan titunan da suke bi zuwa ofis kantuna ne jere hagu da dama, lungunan suna ɓoye a bayansu.

Akwai alƙaluman da marubuta ke son ɗauka daga rahoton Edwin Chadwick na 1842 kan tsaftar muhallin ma'aikata, kuma muna roƙon a ɗauke su da bayani. Ya nuna matsakaicin shekarun mutuwa a Manchester: gidajen manya da masu ilimin sana'a 38, 'yan kasuwa 20, ma'aikata 17. A karkarar Rutland kuwa 52 da 41 da 38. In aka buga wannan haka kawai, ɗalibi zai ɗauka ma'aikaci yana mutuwa ne yana ɗan 17. Ba haka ba ne. Mutuwar jarirai ce ta ja lissafin ƙasa, domin rahoton ya ce fiye da kashi 57 cikin ɗari na 'ya'yan ma'aikatan Manchester ba sa kaiwa shekara biyar. Daga cikin dalilai akwai gudawa daga gurɓataccen ruwa, da uwa da ke komawa masaƙa ba ta gama jego ba, da wani maganin sa barci mai ofiyom da masu raino ke ɗura wa jarirai. Abin lura a jadawalin shi ne leburan Rutland, duk da ƙarancin albashinsa, ya yi kunnen doki da attajirin Manchester.

Wa ya rubuta dokokin? Nan ne zuciyar babin. Dokokin 1799 da 1800 sun haramta wa ma'aikata haɗa kai don neman ƙarin albashi, ba a soke su ba sai 1824. Dokar maigida da bara ta 1823 ta ce ma'aikacin da ya bar aiki kafin wa'adi ana iya ɗaure shi wata uku, maigidan da ya saɓa alkawari kuwa ƙararsa kawai za a kai a nemi diyya, haka aka zauna har 1875. A 1812 aka mayar da fasa injin saƙa laifin kisa, a Janairun 1813 aka rataye mutum 17 daga masu boren fasa inji a York. A 1815 majalisar masu gonaki ta hana shigo da alkamar waje sai farashin gida ya kai sule 80 kan ma'aunin da ya kusa kilo 220, wato doka ta tsare tsadar burodin da muka lissafa a sama. Ranar 16 ga Agusta 1819 mutum wajen 60,000 suka taru a filin St Peter a Manchester suna neman wakilci, domin birnin ba shi da ɗan majalisa ko ɗaya alhali kufan Old Sarum yana da biyu. Mahaya dawaki suka afka musu da takubba, mutum wajen 18 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Bayan boren leburorin gona na 1830 an rataye 19, an kai kusan 500 Ostareliya. A 1834 aka yanke wa leburori shida na ƙauyen Tolpuddle shekara bakwai a Ostareliya saboda rantsuwar ƙungiya, bayan an zabge albashinsu daga sule 9 zuwa 7.

Gyaran zaɓe na 1832 ana yawan gabatar da shi kamar nasarar jama'a. A faɗi sharaɗinsa: a birni sai namijin da ke zaune a gidan da hayarsa ta kai fam 10 a shekara. Mai masaƙa da mai kanti suka shiga, ma'aikacin da ya yi zanga-zangar tare da su ya tsaya a waje. Bayan gyaran ma kusan namiji ɗaya cikin biyar ne ke da ƙuri'a a Ingila da Wales. Sabuwar majalisar ce ta yi dokar gajiyayyu ta 1834. Kafin nan, a yankuna da yawa ana bin tsarin Speenhamland na 1795: in burodi mai kusan kilo 4 yana sule ɗaya, a cika wa magidanci kuɗinsa ya kai sule 3 a mako, matarsa da kowane ɗa sule ɗaya da sisi. Masu biyan haraji suka ce manoma na fakewa da tallafin suna rage albashi, kuɗin kuma ya kai wajen fam miliyan 7 a shekara. Sabuwar dokar ta nufi mai lafiya ya shiga gidan aikin gajiyayyu in yana son taimako, kuma da gangan aka tsara zaman gidan ya fi na leburan da ya fi kowa talauci ɗaci. A raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, a ba su kayan gida su sa, su wuni fasa dutse ko warware tsohuwar igiya. A Andover a 1845 aka gano mazauna suna gaigayar ruɓaɓɓen ƙashin da aka ba su su daka don taki. Wanda ya mutu a can babu mai karɓar gawarsa, wata doka daban ta 1832 ta halatta a miƙa shi makarantar likitoci a feɗe.

Dokokin kare yara darasi ne a kan bambancin doka da aiki da ita. Ta 1802 da ta 1819 sun iyakance awoyi, amma babu sufeton gwamnati, sai suka tsaya a takarda. Ta 1833 ta hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 9 a masaƙun auduga da ulu, ta ce mai 9 zuwa 13 kada ya wuce awa 48 a mako tare da karatun awa biyu a rana, mai 13 zuwa 18 kada ya wuce awa 69. Sufeto huɗu aka naɗa wa masaƙu dubbai. Rajistar haihuwa ba ta fara ba sai 1837, don haka likita ne ke duban yaro ya ƙiyasta shekarunsa, iyayen da ke buƙatar sule biyun kuma suna ƙara masa shekara. In an kai ƙara, alƙalin yankin sau da yawa daga ajin masu masaƙun ya fito, an ba kura ajiyar nama, tarar ba ta kai ribar saɓa dokar ba. A ramin kwal, yaro ɗan shekara shida yana zama cikin duhu awa goma sha biyu yana buɗe ƙofar iska yana rufewa, mata na jan keken kwal da sarƙa a ƙugu suna rarrafe. Sai da ambaliya ta kashe yara 26 a ramin Huskar a 1838 aka yi bincike, dokar 1842 ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da 10 shiga rami, aka naɗa mata sufeto ɗaya. Dokar awa goma ta 1847 ma an zagaye ta da karɓa-karɓa, sai a 1850 aka ɗaure lokacin aikin mata da matasa tsakanin shida na safe da shida na yamma.

Kada a nuna talakawan a matsayin masu jiran tausayi kawai. Sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna masu kama da adashi, kowa na zuba kwabbai a mako don jinya da jana'iza. Sun rubuta buƙatu shida a 1838, ciki har da ƙuri'a ga kowane namiji baligi da jefa ta a asirce da biyan ɗan majalisa albashi don talaka ma ya iya tsayawa, suka tara sa hannu sama da miliyan 3 a 1842, majalisa ta yi watsi da shi. A Disamban 1844 mutum 28 a Rochdale suka haɗa fam 28 suka buɗe kantin gama kai, suna sayar da fulawa da ots da sukari da man shanu da kyandir, ba algus, awo cikakke, riba kuma a raba gwargwadon sayayyar kowa.

Adalci ya sa a faɗa cewa albashi ya ƙaru daga baya. Masanin tarihin tattalin arziki Robert Allen ya ƙiyasta cewa tsakanin 1780 da 1840 abin da ma'aikaci ke samarwa ya ƙaru da kashi 46 cikin ɗari, ƙarfin albashinsa kuwa da kashi 12 kawai, sai bayan 1840 albashin ya kamo. Shekara sittin ke nan, kaka da ɗa da jika.

A ƙara sakin layi ɗaya a kan inda zaren ya fito da inda ya je. Akasarin audugar Lancashire bayi ne suka nome ta a jihohin kudu na ƙasar Amurka. A 1833, shekarar dokar yaran masaƙa, majalisa ta ware fam miliyan 20 diyya ga masu bayi a ƙasashen da Birtaniya ke mulka, bayin ba a ba su ko kwabo ba. Manjan da ake saye daga gaɓar Neja yana shiga sabulu da man inji. Da Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe, ya shiga Kano a 1851, ya tarar da yadin Manchester a kasuwa, an ratso Sahara da shi, a garin da nasa saƙi da rini suka kai har Tambutu.

Abin da muke nema a aikace: jadawalin albashi da farashin burodi a shafi ɗaya, da aikin lissafin kasafin gida a ƙarƙashinsa. Zanen injin kaɗi mai nuna inda mai ɗauri da mai shara suke tsayawa. Taswirar Manchester mai nuna masaƙu da lunguna da unguwannin masu hali. Kowace doka a rubuta ta da abu uku: abin da ta ce, wa ke da alhakin tabbatar da ita, da ta inda aka zagaye ta. A jarrabawa kuma, maimakon a tambayi shekarar da Crompton ya ƙera injinsa, a ba ɗalibi albashin masaƙin hannu na 1800 da na 1835, a ce ya bayyana abin da ya faru tsakani. In wurin bai isa ba, a rage jerin masu ƙirƙira zuwa rabin shafi.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wasu malaman tarihi na makarantun sakandare